Layin Gindin Tsamiya

Lahadi, 11 ga Nuwamba 1990, bayan sujada

Yau kwanon bai zo ba.

Tun da aka kai yarinyar nan ɗakinta, babu Lahadin da ta wuce ba ta aiko mini da dambu a jan kwanon nan mai murfi ba. Ko lokacin da ta yi zazzaɓi sai da ya zo. Yau na zauna a zaure har inuwa ta juya, ban ga kowa ba. Na tambayi matata Cecilia, ta ce wataƙila zogale ne ya yi wuya. Zogale, a garin da kowace danga zogale ce! Tana maganar tana kallon tukunya. Daga nan na san akwai wani abu.

'Yata ce ta fari, ba na kama sunanta da bakina, na mijinta ma haka. Amma takarda ba baki ba ce, bari in rubuta sau ɗaya in huta: Paulina, da mijinta Ilisha. Malamin gona ne, aka sallame shi daga aiki da wannan tsuke bakin aljihu na soja ya zo. Yanzu ya fito takarar kansila a mazaɓarmu ta Malikanchi. Abokin karawarsa Ashafa ne, mai awon hatsi a Ikara.

Ni fa ban ce komai ba. Ranar Juma'a ne a wurin matsar rake ake hira, aka ce zaɓen bana babu akwati, ƙato bayan ƙato za a yi, kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so a ƙirga shi kamar buhun masara. Sai na ce ni Irmiya Lado ban taɓa tsayawa bayan wani ƙato ba, kuma ba zan fara da yaron da ya zo neman aure gidana da takalmin aro ba. Aka yi dariya. Wasa ne. To wa ya kai maganar?

Litinin, 12 ga Nuwamba, da hantsi

Ɗan'azumi ne, babban ma'aikatana a wurin mazarƙwaila. In ba shi ba, to matarsa. Yau sau biyu ya gaishe ni, har da tambayar yadda doki ya kwana, dokin da shi da kansa yake ba dusa. Mutum ba ya yawan gaisuwa haka kawai.

Laraba, 14 ga Nuwamba, da yamma, dawowa daga kasuwar Makarfi

Yau ma sai da muka sauke kaya a bakin rafi. Tun da kwalbatin nan ya karye damina biyu da suka wuce, mota ba ta haurawa da lodi, tayoyinta nutsewa suke yi a rairayi. Sai a sauke kwandunan mazarƙwaila, a ɗauka a ka, a sake lodawa a ƙetare. Kafin mu isa kasuwa na ƙasa sun farfashe, dillalai suna taya su kamar tsakuwa.

Bara na sa babbar rigata na je sakatariya in ga kantoman da soja suka naɗa. Mutumin kirki ne, har ya sa aka kawo mini ruwa. Sai ya tambaye ni rafin yana gabas da titi ne ko yamma. Baƙo ne, bai taɓa ganinsa ba. Na dawo gida da ruwan da na sha.

A bakin rafin na haɗu da Ahmadu yana shayar da shanunsa. Tare muka tashi da shi, shi yake kwashe ganyen rakena, ni kuma shanunsa suna kwana a gonata su bar mini taki.

Ya ce, "Sarkin zaƙi, an ce ka yi rantsuwa ba ka bin layi."

Na ce, "Ɗan Fulani, labari har ruga?"

"Har shanu sun ji. Ni kam zan je. Burtalinmu an nome rabinsa, ban san wa zan kai wa kuka ba. Kansila ko ba komai ka san ƙofar gidansa, in ya yi ƙarya ka je ka zauna masa a zaure har matarsa ta gaji da dama fura."

Na ce soja ne za su sake rushe su in sun ga dama. Ya ce ko da shekara ɗaya suka yi, kwalbati ai ba ya shekara ana gina shi. Sannan ya kashe ido ɗaya ya ce, "Wai takalmin aro. Kai dokin da ka fara matsar rake da shi na wane ne? Ba na babana ba ne?"

Haya ce, ba aro ba. Na gaya masa. Ya yi ta dariya har ya jingina da sanda.

Ina zargin aiko shi aka yi.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, da safe

Haya ce. Aji uku na sakandare na bari da mahaifina ya rasu, babu wanda ya ba ni ko igiya. Duk abin da ke gidan nan gumina ne. Gwamnati ba ta san lokacin da na fara ba, ni ma ban san lokacin da take canjawa ba sai in ji tambarin soja a rediyo.

Lahadi, 18 ga Nuwamba, da azahar

Bai zo ba.

A coci yarinyar ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba. "Baba, an tashi lafiya? Ya aiki? Ya sanyi?" Babu abin da ta rage a gaisuwar, sai dai ba ta jira na gama amsawa ba ta miƙe ta koma cikin zumuntar mata. Idonta ya faɗa.

Talata, 20 ga Nuwamba, bayan la'asar

An liƙa hotunan mutumin ko'ina. Bangon makaranta, jikin rimin kasuwa, shagon mai faci, har bayan amalanken wani. Bangon wurin aikina kaɗai aka tsallake, bangon da ya fi kowanne faɗi a garin nan, kuma yana bakin hanya. Na Ashafa ma ba a liƙa ba, amma shi ai ba surukina ba ne.

Haka kuma in zai je taro a Paki, ba ya bin ƙofata da kekensa, sai ya zagaya ta bayan gonar dankali. Ni ne bai isa ya nemi goyon bayana ba, ko kuwa ni ne ban isa a nema ba? Ya je wurin mai unguwa, ya je wurin Fasto, ya je wurin liman, har wurin mai gyaran rediyo an ce ya durƙusa.

Ba wai ina so ba ne. Lissafi kawai nake yi.

Alhamis, 22 ga Nuwamba, da yamma

Motar wayar da kai ta zo da lasifika ta tsaya a kasuwa. Ban je ba, amma lasifikar ba ta san wanda bai je ba. Wai duk mai katin rajista ya je makarantar firamare ya duba sunansa a bango tun kafin ranar. Wai ranar zaɓe a fito da sassafe da katin a hannu, malaman zaɓe su tantance mutum su yi masa alama. Wai kada wanda aka tantance ya ce bari in je gida in sha koko in dawo, in aka tashi layi ba ya nan to ya yi asara. Za a ƙirga da ƙarfi a gaban kowa, a rubuta, a faɗa nan take.

A gaban kowa. Wato duk wanda ka ƙi zai ga ƙeyarka a layin wani. Wa ya kawo wannan dabara, kuma me yake son sani?

Na buɗe gwangwanin da nake ajiye takardu, katina ba ya ciki.

Juma'a, 23 ga Nuwamba, da safe

Na tambayi Cecilia. Ta ce, "Maigida, kai da ba ka zuwa, me za ka yi da kati?"

Na ce nawa ne, ko wuta zan hura da shi.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko shi daga cikin Littafi Mai Tsarki, tare da nata. Wai ta je makaranta jiya ta duba, sunana yana nan, an rubuta shi daidai. Na ce wa ya aike ta? Ta ce ƙafarta.

Shekara da shekaru muna tare, ban san ta iya irin wannan amsa ba. Koya mata ake yi.

Asabar, 24 ga Nuwamba, da la'asar

Samarin ɗaya ɓangaren sun wuce ta kasuwa da ganga. Suna ɗauke da doguwar gora, an rataya wani abu a kanta, suna waƙa.

Ban duba ba. Ina auna itace.

Lahadi, 25 ga Nuwamba, da azahar

Bai zo ba. Ita ma ba ta zo sujada ba.

Tsohon takalmi ne a kan gorar. Ƙafa ɗaya, bakinsa a wangale.

Talata, 27 ga Nuwamba, da magariba

Ashafa ya zo da kansa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake wata. Yaro ne mai ladabi, na san mahaifinsa, mun sha cinikin gero da shi. Ya fara da ba ni haƙuri a kan gorar, ya ce ba da saninsa ba ne, ya tsawata musu.

Sai ya ce, "Baba, ni ban zo in ce ka tsaya a bayana ba. Wane ni. Kai uba ne ga kowa. Babba irinka ma ai bai kamata a gan shi a rana cikin yara ana ƙirga shi ba. Ka huta abinka a gida ranar, mu yara mu je mu yi shirmenmu."

Na ce na ji, na gode. Na sa aka ba shi mazarƙwaila ya kai wa iyali.

Da ya tafi na zauna ina juya maganar. Mutum ya baro awonsa, ya ƙona mai tun daga Ikara a wannan tsadar, don kawai ya roƙe ni in zauna a gidana? Ai da ma a gidan nake. In zamana bai da amfani ga kowa, me ya sa aka zo neman sa da babur?

Laraba, 28 ga Nuwamba, da yamma

Ban je kasuwa ba, na tura Ɗan'azumi. An sake sauke kaya a rafi. Wani mai ɗauka ya zame ya gurɗe ƙafa. An kai shi ɗakin shan magani, ba a sami ko bandeji ba, sai da aka yaga tsohon zane.

Taki kuma an ce na bana ma ta hannun kansiloli za a raba in an rantsar da su. Rakena ya yi ja a bara saboda rashinsa. Ban roƙi kowa ba, ba kuma zan roƙa ba.

Juma'a, 30 ga Nuwamba, da hantsi

Na tsare Ɗan'azumi a bayan murhu, inda ƙarar tafasa ba ta bari a ji mu.

Na ce, "Kai ka kai maganar takalmi?"

Ya ce, "Maigida, wallahi ko ɗaya. Ai an fi mutum goma a wurin ranar, har da masu kawo rake daga Kudan. Kuma da ƙarfi ka faɗa."

Na ce ban tambaye shi ƙarfin muryata ba. Na ce ranar zaɓe ina zai tsaya? Ya sosa ƙeya ya ce su dai suna jira su gani. Na ce su ga me? Ya ce, "Su ga hadari ta ina zai taso." Wai manoman da nake sayen rakensu ma haka, babu mai son ya tsaya inda zai ɓata mini rai, a zo kaka in ce rakensa ya yi ruwa.

Ni na taɓa ƙin sayen raken mutum don ra'ayinsa? Ashe haka ake ganina. Ko kuma ya faɗa ne don ya ji abin da zan ce ya kai gaba.

Lahadi, 2 ga Disamba, bayan sujada

Bai zo ba.

Cecilia ta ajiye mini tuwo ta ƙi tafiya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara ɗankwali.

Ta ce, "'Yarka ta daina zuwa rijiya da safe. Sai rana ta take, in mata sun watse."

Na ce me ya shafe ni da lokacin ɗiban ruwanta.

"In ta ajiye tulu sai wata ta ce, Paulina, ara mini takalminki in je biki. Sai a kwashe da dariya. Suna cewa uban da ya haife ta ma ya san mijin ba kowa ba ne."

Na ce shi mijin in yana da mutunci me ya hana shi zuwa ya same ni? Ya liƙa fuskarsa a kowane bango ya tsallake nawa.

Ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce, "Shi ya hana a liƙa. Samarinsa sun zo da kwanon ƙullu har bakin bangonka ya kore su. Ya ce yaya za a yi fuskarsa ta tsaya tana kallon surukinsa ido cikin ido tun safe har dare, shi da ko a zaure ba ya ɗaga kai a gabanka? Kunyarka yake ji, Maigida. Da wane baki zai ce maka zo ka tsaya a bayana?"

Na ce tuwon ya huce. Ta ɗauka ta tafi da shi, ba ta dawo da wani ba.

Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma tare suka shirya maganar.

Talata, 4 ga Disamba, da safe

Mutumin ya wuce ta bayan gonar dankali. Na hango shi daga kan tulin ɓawon rake. Da ya zo daidai inda ake ganin rufin gidana sai ya sauka daga keken ya tura shi da hannu, har ya wuce sannan ya hau. Bai san ina kallo ba.

Ko ya sani?

Alhamis, 6 ga Disamba, da yamma

An ce in mutum bai je an tantance shi ba, wani zai iya shiga da sunansa a cikin hayaniya. Ban san gaskiyar abin ba. Amma ba zan zauna a gida wani ƙato ya zama Irmiya Lado na yini guda ba. Zan je a yi mini alama a gaban sunana, in nemi inuwa in zauna, in ga masu kai gulma da idona. Layi dai ba na shiga.

Asabar, 8 ga Disamba, da magariba

Bari in rubuta tun ƙafata ba ta huce ba.

Na fita da sassafe. Katin na same shi a aljihun rigar da Cecilia ta goge mini, ban tambaya ba. Filin makarantar ya cika, mata a gefe guda da goyo, maza a gefe guda, ɗan sanda ɗaya da kulki yana hamma. Malamin zaɓen wani malamin makaranta ne siriri da aka kawo daga Kudan. Ya karɓi katina, ya bi takarda da yatsa, ya kira sunana, ya yi alama. Ya ce, "Baba, kada ka yi nisa." Na ce na ji lasifika.

Na je gindin tsamiyar da ke bakin filin na zauna a kan saiwa. An kafa sanduna biyu a tsakiyar fili, kowace da hoto. Na juya wa na hagu, na mutumin, baya.

Kaɗan-kaɗan sai ga Ɗan'azumi ya zo ya gaishe ni ya zauna a bayana. Sai masu tafasa. Sai masu yankan rake. Sai manoman da nake sayen nasu, da 'yan'uwansu, wasu ma ban san su ba. Na ɗauka inuwa suke nema.

Da rana ta ɗaga aka buga ƙarfen makaranta. Malamin ya yi shela cewa na kansila za a fara, kowa ya bi hoton da yake so, maza layinsu mata layinsu. Fili ya ruɗe. Ni kuma ƙafata ta yi sanyi, sai na miƙe don in miƙar da ita. Ina miƙewa na ji motsi a bayana. Na waiwaya. Duk sun miƙe, sun jeru ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙeyata har bakin danga, kowa da katinsa a hannu.

Malamin ya taho da takardarsa yana kallonmu. Ya ce, "Baba, gafara dai, wannan layin na wane ne? Ni hoto biyu aka ba ni."

Fili ya ɗauki dariya. Wani daga layin Ashafa ya ɗaga murya, "Na tsamiya ne! Tsamiya ta fito takara!"

Na ce wa Ɗan'azumi, "Meye haka?"

Ya ce, "Maigida, inda ka sa ƙafa nan za mu sa. In ka zauna mu zauna."

Na dubi layin nan. Ya kusa kai na kowanne cikin biyun tsawo. Mutanen da suke ɗaukar kwando a ka a rafi, har da mai gurɗaɗɗiyar ƙafa yana dogara sanda. Sun baro gona, sun sha rana, za su koma gida ba a ƙirga ko ɗaya ba, tsamiya kuwa ba ta gina kwalbati. Can na hango Ashafa yana kallonmu, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir. Sai a lokacin na gane abin da ya zo saya da babur.

Na ce, "Ni na haife ku? Kowa ya tafi inda ransa yake so! Wanda ya sake tsaya mini a baya, shi ne ba zan sayi rakensa ba!"

Suka tsaya suna kallon juna. Sai Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai ya nufi layin Ashafa, ashe ƙanin matarsa ne ke auren 'yar gidansu. Na ce, "Ɗaga kanka, ba sata ka je yi ba!" Wasu suka bi shi. Wasu suka yi hagu. Na lura da kowa, ba don komai ba.

Saura ni kaɗai a gindin tsamiya.

Yarinyar tana cikin layin mata na hagu, ta uku ko ta huɗu daga gaba. Ta sa zanen da na saya mata na Kirsimetin bara. Ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya, ta miƙe wuya kamar mai ɗauke da tulu. Duk sauran matan ni suke kallo, ita kaɗai ce take kallon sanda. Wata a ɗaya layin ta ce wani abu, aka yi 'yar dariya, na ga kafaɗarta ta motsa.

Ban san lokacin da na taka ba. Ƙafa ce dai da ta yi sanyi.

Na nufi wutsiyar layin hagu, can ƙarshe, inda ba za a ce na yi rawar kai ba. Shi kuma mutumin yana gaba, dab da hotonsa. Da ya hango ni sai ya fice daga layi kamar an watsa masa ruwan zafi, ya cire hula, ya zagayo da gudu ya tsaya a bayana. Na ce a'a. Na koma bayansa. Ya sake zagayowa. Na sake komawa. Muna ta ja da baya har muka kusa fita daga filin, shi yana cewa "Baba, don Allah, Baba," idonsa a ƙasa, ni kuma ba na iya ce masa komai don ba a hira da suruki a bainar jama'a.

Malamin zaɓe ya yi ihu, "Ku biyun can, in ba ku tsaya wuri ɗaya ba, ba na ƙirga ku! Ɗan takara, kana so ka faɗi da ƙuri'arka a hannu?"

Sai ga Ahmadu ya fito daga tsakiyar layi, malfarsa kamar faifai. Ya kama mutumin ya tsayar, ya shiga bayansa ya buɗe babbar rigarsa, ya ce mini, "Zo nan, Sarkin zaƙi. Ni ne labule. Kai ba ka tsaya bayan surukinka ba, bayan Bafulatani ka tsaya. Shi kuma bai ba ka baya ba, ni ya ba."

Na ce wannan ya fi muni. Amma na tsaya.

Malamin ya taho yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi, wakilan 'yan takara suna binsa suna maimaitawa. Da ya zo kaina ya taɓa ni ya faɗi lamba ɗaya tak, irin wadda ya ba mai yankan rake. Ni ne na ƙarshe. Ya rubuta, ya ɗaga takarda ya faɗa kowa ya ji. A filinmu hagu ce ta yi rinjaye, ba da yawa ba. Saura a ji na sauran ƙauyuka.

Na ciyaman ma na tsaya, tunda rana ta riga ta dake ni.

Gorar nan ban gan ta ba yau.

Lahadi, 9 ga Disamba, bayan la'asar

A bakin coci aka faɗa, wai an haɗa na mazaɓa duka, mutumin ya ci da ƙyar. Ashafa an ce ya je har gida ya yi masa barka. Zan so in san abin da suka tattauna.

Na ce wa Cecilia ta gaya wa 'yarta ta gaya wa kansila: kafin ruwan farko ina son ganin siminti a bakin rafin nan, da burtalin Ahmadu, da bandeji. In ba haka ba na san ƙofar gidansa, kuma zaɓe na gaba akwai wani layin. Ta ce ba za ta kai wannan saƙo yau ba. Na ce gobe ma rana ce, ina nan ina kallo.

Ina zaune a zaure sai na ji sallama. Ba aike ta yi ba, da kanta ta kawo. Ta durƙusa ta ajiye jan kwanon a gabana, ta gaishe ni, ta jira har na gama amsawa. Sannan ta ce, "Baba, an ce jiya ka sha rana." Na ce kallo na je yi. Ta ce, "Haka aka ce." Ta shige wurin uwarta, na ji suna dariya ƙasa-ƙasa.

Barkonon ya yi yawa ƙwarai. Ina zargin da gangan ne.

Na cinye.